Firijin Yaya Bashir

Ranar da na sauka a wani ƙaramin gari na bakin teku a arewacin Jamus, yayyafi ake yi, irin wanda ba ya cika kwata amma ya shiga ƙashi. Ɗan ƙasarmu da ya yi mini alkawarin ɗaki, wanda muka yi wata da watanni muna ɗan'uwa ɗan'uwa a waya, ya kashe wayarsa ɗif. Na ja akwatina har adireshin da ya ba ni, sai ga ni a ƙofar shagon gyaran keke. Mai shagon ya dubi adireshin, ya dube ni, ya girgiza kai irin na wanda ba yau ya fara ganin irina ba. Na koma tashar jirgin ƙasa na zauna a kan akwatin, ina tsine wa mutumin nan da duk Hausar da na sani.

Da fushin ya lafa sai tunanin Kusfa, unguwarmu a Zariya, ya taso, tunanin Kusfa kuwa tunanin Inna ne. Mahaifiyata malama ce, matan aure na unguwa take koya wa karatu a tsakar gidanmu tun kafin a haife ni, kuma muryarta in ta ja aya har zaure ake ji. Na baro ta da wani tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Abu ɗaya na roƙi babban wana, Yaya Bashir, kafin in taho: duk halin da jikinta ya shiga ya gaya mini gaskiya, kada a yi mini irin ta mutanenmu. Ya ce in sha Allahu. Ni kuma, da yake ni ne auta kuma ba a taɓa yi mini ƙarya mai nauyi ba, na yarda.

Sakatariyar sashen da zan yi aiki ce ta cece ni. Washegari ta gan ni da akwati a bakin ofis, idanu jawur, ba ta tambaye ni komai ba ta ɗauki waya ta kira wata gwaggonta. Haka na samu ɗaki a gidan gwaggon nan, wata tsohuwa mai suna Helga, da mijinta Otto.

Otto ya yi rayuwarsa a ɗakin injin jiragen ruwa, huhunsa ya tafi a can. A gefen kujerarsa akwai wani akwati mai tayoyi da ke tace masa iskar numfashi, siririn tiyo ya taso daga jikinsa zuwa hancin tsohon. Akwatin nan ba ya shiru. Sai ya yi gunji ƙasa-ƙasa, ya ja, sannan ya saki, fuss, kamar mai barcin gajiya. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasu. Makonnin farko na rasa inda zan sa kaina da ƙarar nan, daga baya kuwa in ban ji ta ba sai in tashi zaune. Helga tana da wani ɗan abu kamar maƙalin shanya da take maƙala masa a yatsa, ya nuna lamba. Ta koya mini karatunsa ko da wata rana za ta fita kasuwa: in lambar tana sama da kaza, sha shayinka, in ta sauko ƙasa da kaza, kira motar asibiti, kada ka tsaya tambayar Otto ra'ayinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a gidan nan gaisuwa ce. Safiyar farko na durƙusa na tambayi Otto ya jiki, da ɗan guntun Jamusancin da na haddace. Mutumin nan ya dube ni ya ce jiki babu daɗi, jiya bai runtsa ba, kuma likita ya ce ba zai ga bazara biyu ba. A garinmu ko mutum yana shaƙuwar ƙarshe ka ce ya jiki, da sauƙi zai ce maka, in bakinsa ya kasa na kusa da shi su faɗa masa. Na ce a raina waɗannan mutane ba su da kara ko ta sisin kwabo. Amma da aka jima sai na ga kwanciyar hankalin abin, don kullum na san inda Otto yake.

Aikin da ya kai ni inbata ce, na'urar nan mai juya wutar sola ko baturi ta koma irin ta layi, amma ba irin 'yar ƙaramar da na haɗa wa gidanmu da sola kafin in taho ba. A can suna ta rage manyan injinan wuta masu juyawa, suna sa fankokin iska da faifan sola a madadinsu, waɗannan kuwa duk sai ta inbata wutarsu ke hawa layi. Inbatar da aka saba da ita mamu ce: ta saurari layi, ta bi shi, in layi ya rikice ta sallame ta zauna. To in kowa ya zama mamu, wa zai ja salla? Shi ya sa ake neman wadda za ta yi limanci, ta kafa ƙarfin wutar da bugunta da kanta, saura su bi ta.

Wahalar tana ranar tashin hankali. Bishiya ta faɗo kan waya, ko tsawa ta sauka, wayoyi suka haɗu, nan take layin gaba ɗaya zai buɗe baki ya ja wuta. Babban inji na ƙarfe da tagulla zai yi gurnani ya jure ninkin ba ninkin na ɗan lokaci. Inbata kuwa cikinta 'yan siraran abubuwa ne da ba su fi farce ba, in ta wuce ƙarfinta da kaɗan, kafin ƙiftawar ido ta soye. Dole a sa mata iyaka, ta ba da iya abin da za ta iya ta tsaya nan, kuma duk da haka kada ta saki layin. Farfesan da nake ƙarƙashinsa, wani dogon mutum mai magana kamar ana sayar masa da kalmomi, ya taƙaita mini aikin a ranar farko.

"Ba na son wadda za ta ƙone," in ji shi. "Ba na son wadda za ta gudu."

Ta farko da aka ba ni, ƙonewa ta yi. Na haɗa wayoyin gwaji, na danna, sai ji muka yi tas, ɗakin ya cika da wari kamar ana babbaka ƙafar saniya da taya. Babu wanda ya zage ni, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Da a gida ne da an wanke ni tas an wuce wurin. Nan kuwa kowa ya buɗe taga ya koma kan kujerarsa. Na fita ƙarfe huɗu na yamma na tarar gari ya yi duhu, na taka har gida ina jin yunwar tuwon masara da miyar kukar da ta ji daddawa, har hawaye ya zo mini a gaban shagon burodi. Helga ta ga fuskata ta zubo mini miyar dankali, ta zauna tana kallona sai da na shanye.

Duk Juma'a nake kiran gida, a wayar Yaya, don an ce ta Inna ta lalace. Da can in Inna ta kama waya sai kunnena ya yi zafi: wance ta haihu, wane ya rushe katangarsa ya shigo wa maƙwabci, ɗaliba kaza ta kai izu goma amma har yau ba ta iya fitar da harafin ƙaf ba. Yanzu kuwa sai Yaya ya ce in jira ya shiga ciki, a daɗe, sannan in ji muryarta tsaf, ba rawa ba tari.

"Auta, ka ci abinci? Kana salla a kan lokaci? Allah Ya yi maka albarka. Ga yayanka."

Shi ke nan. Har na fara jin haushi, ina cewa ko fushi take yi da na tafi. Na tambayi Yaya me ya sa ba na jin karatun mata a tsakar gida, ya ce an yi hutu. Ya jikin Inna? Da sauƙi. Tarin fa? Da sauƙi sosai.

Wata rana shi da kansa ya kira ni, abin da bai saba ba. Yaya Bashir ma'aikacin ofis ne, ko ƙwan fitila ya mutu sai ya aika a kira mai gyara. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce inbatar gida ce ke ba su wahala. Da an tayar da injin rijiyar burtsatse sai ta yi kuka ta ɗauke, haka in wutar layi ta yi rawa. Rijiyar nan marigayi mahaifinmu ne ya haƙa, ya fitar da famfo ɗaya ƙofar gida sadaka, rabin lungunmu nan suke ɗiba. Na san nauyin wutar gidanmu kamar yunwar cikina, ni na lissafa shi fitila bayan fitila. Na ce ruwa ba ya tsami banza, me kuka ƙara? Ya ce ɗan firiji ne.

Na hau shi da faɗa, cewa ai na ce kada a jona komai sai an tambaye ni. Na yi masa bayani cewa 'yar inbatar nan matsoraciya ce, ba ta san ta rage ta riƙe ba, da ta ji nauyi ya wuce ta sai ta ceci kanta ta bar kowa a duhu. Ina jin daɗin bakina, ga ni masani.

"Firiji ai ba rai ba ne, Yaya," na ce. "In za ku tayar da famfo ku zare shi, in tanki ya cika ku mayar."

Ya ce to.

A wurin aiki kuwa abubuwa sun fara kyau. Na daina ƙona inbata, amma sai na faɗa ɗaya ramin: tana jure tashin hankalin, sai layi ya dawo daidai ta yi tsalle ta ɗauke. Na daɗe kafin in gane dalili. Inbata mai limanci tana da ɗan agogo a cikinta da ke ba ta bugu. Lokacin da iyaka ta riƙe ta, sai ta ga ba ta ba da abin da aka nema ba, agogon ya yi ta gudu yana neman cikewa. In layi ya warke sai ya same ta ta yi gaba. Masallacin unguwarmu ne ya faɗo mini. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar sallar Juma'a lasifika ta mutu, masu gaggawa a sahun waje sai su ci gaba da nasu, in murya ta dawo liman na ruku'u su suna sujada. Dattawa kuwa tsayawa suke yi inda suke har su ji kabbara. Na ce to, da zarar iyaka ta kama, agogon ya dakata, inbatar ta sassauta ƙarfinta ta jira.

Na gaya wa Martin wannan a wurin cin abinci. Martin abokin tebur ɗina ne, mai fara'a, shi ya koya mini sayen tikitin jirgi mai araha. A gidanmu ba a ɓoye ilimi, Inna kan ce wanda ya ɓoye karatu wuta ya ɓoye a aljihunsa. A taron mako na farko Martin ya miƙe ya ce mun gano wani abu. A taro na biyu, da baƙi suka zo daga kamfanin da ke ɗaukar nauyin aikin, ya ce ya gano. Ina zaune, kunnuwana na hayaƙi, Turancina ya gudu ya bar ni. Wallahi da a Kusfa ne da sai an raba mu.

Ranar na dawo gida da rana tsaka, ban ko cire takalmi ba na kira Yaya. Ba Juma'a ba ce. Muryar Inna kawai nake so in ji, ko da ga yayanka ne. Ya ɗauka a gigice, da alama bai duba mai kira ba, yana cewa wa ke magana. Kafin in amsa sai na ji wani abu a bayansa. Gunji ƙasa-ƙasa, a ja, a saki, fuss.

Na ɗauka ta bango nake ji. Na cire wayar daga kunnena: ga na Otto nan yana yi. Na mayar: ga wani yana yi a Zariya, ɗaya na ja ɗaya na saki. Na zauna a ƙasa.

"Yaya," na ce, "firijin nan naka numfashi yake yi."

Na ji takunsa ya fito tsakar gida, na ji ya wuce zaure. A can ya buɗe mini komai, muryarsa kamar ta yaro. Tun damina jikin ya rikice. Wata nas 'yar Wusasa, wadda uwarta ƙawar Inna ce, ita ta samo musu na'urar. Duk Juma'a tun safe Inna ba ta magana da kowa, tana tara numfashi. In na kira sai a kashe na'urar, a tayar da ita a jingina ta da filo, ta faɗi 'yan kalmomin nan nata, a karɓe wayar kafin tarin ya zo.

Na ce famfon fa? Don Allah ka ce mini ba ku bi maganata ba. Ya ce shi bai yi niyyar bi ba, amma ranar a gaban Inna ya kira ni, kuma ta ji. Tun daga nan, da ta jiyo ƙarar bokitan mata a ƙofar gida sai ta ce a zare, Auta ya ce a zare. In ya ƙi, ta kai hannu ta cire tiyon da kanta. Ta ce ba za a rufe famfon marigayi Malam tana raye ba. Haka za ta kwanta leɓɓanta na sauya launi har tanki ya cika.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Na ce mun yi alkawari da shi, na ce da bakina suka sa na shaƙe uwata, na ce wannan wace irin kara ce da za ta kashe mutum. Ya bar ni na gama.

"Kai ka ce in faɗa, ita ta ce in rufe," in ji shi. "Ta ce in ka ji za ka baro abin da ka je nema. Kai a wurina, wa za ka bi?"

Na share fuskata na koma injiniya, don shi kaɗai na iya a lokacin. Na ce a raba famfon da inbatar kwata-kwata, a nemi aron janareta a ja ruwa da shi. A yanke inbatar daga wutar layi, kada rawar layi ta ƙara firgita ta. A sauke mata kowa da komai, ɗakin Inna kaɗai za ta riƙe. Ya samo mai gyara, na bi su waya bayan waya ta bidiyo. Inbatar ta zauna lafiya. Amma na san baturan nan sun tsufa, na kuma san cewa ko sun fara mutuwa, da sauƙi za a ce mini.

Na je wurin Farfesa. Babban gwajin da muka daɗe muna jiran layinsa ya matso, a wani katon zaure inda ake haɗa wayoyi da gangan a ga abin da inbata za ta yi, kuma sabunta takardar zamana a ƙasar ya rataya a kansa. Mutumin ba mugu ba ne. Ya ce ranar ba ta ɗaguwa, in na tafi Martin zai yi, kuma ba zai iya yi mini alkawarin kujerata ba. Sannan ya tambaye ni me mutanen gida suka ce game da jikin nata. Na ce sun ce da sauƙi. Fuskarsa ta washe, ya ce ai wannan labari ne mai daɗi, me zai hana in jira?

Dariya ta kama ni, irin wadda ke gab da kuka. Ta ina zan fara yi masa bayani? Na ce masa a garinmu mun binne mutane da yawa da suke da sauƙi.

Kafin in tafi ya bar ni na yi gwaji ɗaya a ƙaramin teburinmu. Na danna. A allon kwamfuta wutar ta yi sama, ta kai iyaka, ta miƙe sambal kamar an yanke da wuƙa. Ƙarfin ya sauko amma bai mutu ba. Aka saki wayoyin, inbatar ta miƙe ta ci gaba da bugunta tare da layi, ko tari ba ta yi ba. Babu wari, babu tas. Martin ya yi tafi, har da dafa mini kafaɗa. Shekara guda da wani abu na raina ke kan teburin nan, na bar masa na ɗauki jakata. Ya yi mini ciwo, har yau yana yi.

Helga ba ta ce in yi haƙuri ba, su ba su iya wannan ba. Ta goge mini riguna, ta cusa burodi a jakata kamar babu abinci a jirgi. Da na durƙusa yi wa Otto sallama, ya sa ta buɗe durowa ta ɗauko ɗan maƙalin yatsa na biyu da suke ajiye da shi. Ya danƙa mini a tafin hannu, ya ja numfashi ya ce in na isa in tambayi wannan, shi ba ya jin kunyar kowa. Ya kuma ce kada in ce masa sai na dawo, don ba zan same shi ba. Na fita da sauri.

A Kano Yaya ya tare ni da motar aro. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Muka rungumi juna, na ce ya jikin Inna. Ya ce da sauƙi.

Daga nan hanyar ta zama azaba. Na san yadda mutanenmu ke yi wa matafiyi: ba a sauke masa mutuwa a tasha, kaɗan-kaɗan ake ba shi, a ce jikin ya ɗan motsa, a ci gaba a ce an kai asibiti, sai an ga ƙofar gida a ce sai haƙuri. Da ya tsaya salla a Kwanar Dangora na ce yanzu zai fara. Bai fara ba. A Tashar Yari ya yi gyaran murya, zuciyata ta tsinke, ashe lemo zai tambaye ni ko zan sha. Muka wuce Kwangila, muka shiga ta Ƙofar Doka, ni dai ban ga gari ba, bakinsa nake kallo. Da muka karyo lungunmu na rufe ido, sannan na buɗe ina neman tabarmi a ƙofar gida da mutane zazzaune. Babu tabarma. Mata biyu ne a bakin famfo da bokitansu, ga janaretan maƙwabcinmu a gefe an lulluɓe shi da buhu.

An ɗauke wuta a unguwar, ko'ina tsit. Ina taka tsakar gida na jiyo gunjin nan daga ɗakinta, yana ja yana saki. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Tana jingine da filo, ta zama rabin yadda na bar ta, carbi a hannu. Da ta gan ni sai ta kai hannu za ta cire tiyon, na riga ta na riƙe hannun. Ta harari Yaya, wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Wa ya aike ka?" ta ce mini, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Ka gama abin da ka je yi?"

Na ce ya yi aiki, Inna, na gani da idona. Ta ce alhamdu lillahi. Ba ta tambayi sauran ba, ni ma ban kai ta can ba.

Na ciro ɗan abin Otto daga aljihu, na ce tsaraba ce daga wani tsoho mai gidana. Ta miƙo yatsa tana murmushi, wai Turawa ba sa rabo da wasan yara. Na maƙala. Fitilarsa ta yi ƙyaf-ƙyaf, lambar ta fito, ta ɗan yi sama, ta sauko, ta zauna. Na'ura na aiki, tiyo na hancinta, amma lambar nan tana ƙasa da inda Helga ke barin shayinta ta ruga waya. Ta fi duk wadda na taɓa gani a yatsan Otto sauka. Gobe da sassafe sai asibiti, na riga na yanke, ko za ta yi fushi da ni har abada. Amma yanzu idonta na kaina, na Yaya ma haka.

"Me ya ce?" in ji ta.

Komai ya taso mini a ƙirji lokaci ɗaya. Na haɗiye, na riƙe muryata a inda take.

"Ya ce da sauƙi, Inna."

Ta juya wurin Yaya Bashir, ta ɗaga yatsan da abin ke maƙale. "Ka ji ko? Ai na gaya muku."